Masu Sha da Hanci: Rabe-raben Maɗanɗana Giya a Turai da Amurka

Giyar ƙananan masana'antu ita ce wadda ake dafawa kaɗan-kaɗan a wurare masu cin gashin kansu, saɓanin ta manyan kamfanoni da ta cika kasuwa. A Amurka ƙungiyar masu wannan sana'a, Brewers Association, ta yanke cewa ƙaramin mai dafawa shi ne wanda bai haura ganga miliyan 6 a shekara ba, abin da ke nuna cewa a can ƙanƙanta ma tana da faɗi. A ƙarshen shekarun 1970 wuraren dafa giya a duk ƙasar ba su kai 100 ba, amma bayan 2020 sun zarce 9,000. Kayan haɗi dai suna nan yadda suke: ruwa, da tsiron sha'ir, da yisti, da furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hops, wanda ke ba ta ɗaci da ƙamshi. Aikin tsiron sha'ir a nan shi ne aikin tsiron dawa a tukunyar burukutu. Wanda ya sauya shi ne mai shan. A da mutum kan shiga mashaya ya sha ya kama gabansa. Yanzu an sami jama'ar da ke cewa su ba sha suke yi ba, ɗanɗanawa suke yi, kuma bakinsu ya fi gajiya da fitar da magana bisa ga shigar da abin da ke kofi. Su ma sun kasu iri-iri.

Na gaba a cikinsu shi ne Sarkin Shinshina. Idan aka ajiye masa kofi ba ya kai shi baki. Sai ya ɗaga shi saitin fitila ya duba launi, ya auna kaurin kumfa da ido, ya jujjuya, ya cusa hanci, ya lumshe ido har na kusa da shi ya fara tunanin ko barci ya kwashe shi. Idan ya farfaɗo sai ya sanar da jama'a cewa ya ji ƙamshin ɓawon lemo, da gasasshen burodi, da ɗan burbushin ayaba daga can nesa. Ba duka ne ƙarya ba. Wasu nau'o'in yisti na Jamus da gaske suna fitar da ƙamshin ayaba da kanumfari a giyar alkama, kuma tun cikin shekarun 1970 wani masanin sinadarai ɗan Denmark, Morten Meilgaard, ya zana da'irar da ta jera ɗanɗano da warin giya kowanne da sunansa. Sarkin Shinshina ya haddace da'irar nan. Sai dai jin daɗinsa ba a ƙamshi yake ba, a gano aibu yake. Warin man shanu, in ji shi, alama ce an yi gaggawar raba giya da yisti. Warin jiƙaƙƙen kwali, iska ce ta shiga. Koriyar kwalba kuwa ko taɓa ta ba ya yi, domin haske na ratsa ta ya lalata sinadarin hops ya haifar da ɗoyi, kuma a nan gaskiya na hannunsa. Wasu daga cikin masu irin halinsa har jarrabawa suke zaunawa a ƙarƙashin wani shirin horar da alƙalan giya da aka kafa a Amurka a 1985. Malaminsu na farko wani marubuci ne Baturen Ingila mai suna Michael Jackson, wanda littafinsa na 1977 ya yaɗa al'adar kasa giya salo-salo, kuma ya rayu har 2007 yana shan tambayar ko shi ne mawaƙin. Masu ɗanɗana ruwan inabi kan kurɓa su tofar. Alƙalan giya sun ce su dole su haɗiye, wai sai a maƙogwaro ɗaci ke bayyana sarai. Saboda haka hukuncin kofi na ashirin yakan fi na farko sassauci.

Bayansa sai Ɗan Ɗaci, mabiyin salon da ake kira IPA. Ba ya sha sai ya ba da tarihi: yadda masu dafa giya a Landan da Burton suka riƙa loda gangunan giya mai yawan hops a jirgin ruwa zuwa Indiya zamanin mulkin mallaka, tana watanni a teku. Daga nan sai ya tsallako Kalifoniya, inda kamfanin Sierra Nevada ya fara dafawa a 1980 da wani irin hops na Amurka mai suna Cascade. Ɗaci yana da ma'auni, IBU, kuma Ɗan Ɗaci ya ɗauki wannan lamba a matsayin gwajin mazantaka. Giyar gama-gari ba ta cika wuce 20 ba, IPA takan kama daga 40 zuwa 70, shi kuwa burinsa abin da ya haura 100, duk da cewa daga wajen nan harshe ya daina bambancewa. Wani kamfani a Denmark, Mikkeller, ya taɓa fitar da wadda ya raɗa wa suna 1000 IBU, aka kuwa saya. Fuskar Ɗan Ɗaci kan yamutse da kurɓar farko, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya gyaɗa kai ya ce ta yi laushi. Ƙungiyar tasa ta dare biyu lokacin da wani sabon salo ya ɓullo daga jihar Vermont, mai gurɓataccen launi da ƙamshin 'ya'yan itace da ƙarancin ɗaci. Tsofaffin hannu suna kiransa ruwan lemo, sababbin shiga suna kiransu masu taurin kai, kuma har yau ba a sasanta ba.

Mai Tsami ya raina su duka. Alƙiblarsa Beljiyam ce, ƙasar da UNESCO ta sa al'adar giyarta cikin kayan gadon duniya a 2016, kuma a Beljiyam ɗin ma kwarin kogin Senne da ke kewayen Brussels. A can ake yin lambic, wadda ba a zuba mata yisti da hannu. Ruwan da aka dafa ake bazawa a wani faffaɗan faranti na tagulla a saman gini ya kwana a buɗe, ƙwayoyin da ke iska su faɗa ciki, sannan a ɗura a gangunan katako shekara ɗaya zuwa uku. Lokacin sanyi kaɗai ake wannan aiki. A masana'antar Cantillon, wadda aka kafa a 1900, ba a kashe gizo-gizo domin shi ke cinye ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace, kuma Mai Tsami kan ba da labarin saƙar gizon nan da muryar wanda ya ga abin al'ajabi. Babban yabo a wajensa shi ne a ce giya tana warin bargon doki. Ba a taɓa jin ya bayyana inda ya shinshina bargon doki ba.

Sai Mai Tsare Gado, wanda yake da reshe biyu. Na Jamus ya rataya a kan dokar da aka kafa a Bavariya a 1516, wadda ta ce ba a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da hops. Duk kwalbar da aka jefa wa mangwaro ko koko, a ganinsa, ta fita daga sahun giya. Ba ya son a tuna masa cewa dokar ba ta ambaci yisti ba, kuma wani ɓangare na manufarta shi ne kayyade farashi da adana alkama don masu gashin burodi. Na Ingila kuwa ɗan ƙungiyar CAMRA ne, wadda wasu mutum huɗu suka kafa a 1971 don kare giyar da ke ƙarasa nuna a cikin ganga, ake jawo ta da famfon hannu ba tare da an cusa mata iskar gas ba. Sanyinta bai wuce digiri 11 zuwa 13 ba. Baƙon da ya yi kuskuren cewa ta yi ɗumi zai saurari wa'azi har a rufe mashaya.

Ɗan Layi shi ne wanda ke auna daɗin abu da wahalar samunsa. A garin Santa Rosa na Kalifoniya ana fitar da wata giya, Pliny the Younger, sau ɗaya a shekara na tsawon mako biyu, kuma mutane kan yi sa'o'i a tsaye a bakin titi don a ba su ƙaramin kofi. Amma babbar tafiyarsa ita ce Westvleteren, wani ƙauye a yammacin Beljiyam, inda sufayen Kirista na ɗarikar Trappist ke dafa giya don ɗaukar nauyin gidan zuhudunsu. A 2005 wani dandalin intanet ya ayyana ɗaya daga cikin giyoyinsu, mai lamba 12, a matsayin wadda ta fi kowace giya a duniya. Sufayen ba su yi murna ba, ba su kuma ƙara ko tukunya ɗaya don biyan buƙatar kasuwa ba. Kafin a saya sai an yi rajista, sai an ba mutum rana da lokaci, kuma da sharaɗin ba zai sayar ba. Shekaru da dama kwalbar ko takardar suna ba ta da ita, sai abin da ke rubuce a marfi. Ɗan Layi kan kai ta gida ya ɓoye a ɗakin ƙasa, ya ƙi buɗewa, yana jiran ranar da ta cancanta. Ranar ba ta cika zuwa ba.

Mai Lissafi ba ruwansa da daɗi. Tun da manhajar Untappd ta fito a 2010 aikinsa shi ne ya kurɓa, ya ɗauki hoto, ya ba da maki, ya wuce. Shan giya ɗaya sau biyu asara ce a wajensa, tun da adadi ba ya ƙaruwa. Ɗan'uwansa Mai Bin Salsala kuwa hannun jari yake bi. Giyar da ya yaba jiya takan zama ruwan banza yau idan ya ji babban kamfani ya saye masana'antar, kamar yadda Anheuser-Busch ya saye Goose Island ta Chicago a 2011, ko da tukunya da mai dafawa ba su sauya ba.

Wanda makusanta suka fi tsoro shi ne Mai Tukunyar Gida. Shugaba Jimmy Carter ne ya buɗe masa ƙofa a 1978, da ya sa hannu a dokar da ta halatta wa Ba'amurke dafa har galan 100 a shekara don amfanin kansa, kuma da yawa cikin masu manyan sunaye a sana'ar daga garejin gida suka faro. Sauran suna nan a garejin. Ba ya ziyara hannu rabbana: kullum da kwalba marar suna, kuma yakan tsaya yana kallon fuskar wanda ya ba har ya haɗiye. Idan sukarin da ya zuba kafin rufe kwalba ya yi yawa, kwalaben kan riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya da tsakar dare. Shi ya san dalili, maƙwabta ne ba su sani ba.

Akwai kuma Tsohon Hannu, wanda ya ratsa duk waɗannan matakai ya gaji. Shi yanzu pilsner yake nema, giyar nan mai haske da Josef Groll ya fara dafawa a garin Pilsen na ƙasar Cek a 1842, wato kakar giyar gama-garin da ya shafe shekaru yana zagi. Hujjarsa ita ce a cikinta mai dafawa ba shi da wurin ɓoye kuskure. Hujjar tana da ƙarfi, ko da yake ta zo daidai da lokacin da cikinsa ya daina jure ɗaci.

A ƙarshen teburi akwai wanda ruwa ko lemo ne a gabansa. A Beljiyam sunansa Bob, daga wani gangamin kiyaye haɗurran hanya da aka fara a 1995, wanda ya raɗa wannan suna ga duk wanda ya ɗauki nauyin tuƙa abokai gida ba tare da ya sha ba. Shi ke sauraron tarihin jirgin Indiya karo na uku, shi ke riƙe wayar Mai Lissafi idan ta fara zamewa, shi ke raba gardamar Bajamushe da Mai Tsami, shi kaɗai kuma zai tuna gobe abin da kowa ya faɗa. Idan 'yan sanda suka tare motar suka sa ya hura na'ura aka ga babu barasa a numfashinsa, sukan ba shi maƙalin mabuɗi ruwan ɗorawa mai ɗauke da sunan Bob.