Nasiha Ga Wanda Ƙaddara Ta Kai Shi Birnin Yarnam

Ya kai ɗan'uwana a cikin wannan jarrabawa, ka sani hujjata ta yi maka nasiha ɗaya ce tak, watau na riga ka shan wuya, tun daga ranar da ɗan ƙanena ya tashi komawa makaranta ya bar mini amanar na'urarsa ta PlayStation 4, da faifai guda a cikinta mai suna Bloodborne, ya dube ni da idon tausayi ya ce, "Baffa, ka riƙa taɓawa da dare, yana rage gajiya." Yau mako uku ke nan, gajiya tana nan inda take, barci ne kawai ya ragu, da kuma ɗan mutuncin da nake da shi a idon iyalina.

Ba zan ɓata maka lokaci da bayanin yadda ake riƙe hannun gem ba, domin wanda ya kai ga neman nasihata lalle ya riga ya san riƙe shi, har ma da jifa da shi. Abin da ya wajaba a ambata a muƙaddima shi ne, an fitar da wasan nan a watan Maris na 2015, a ƙarƙashin jagorancin wani mutumin Japan, Hidetaka Miyazaki, kuma labarinsa na wani birni ne da ake kira Yarnam, wanda mutanensa suka mai da jini maganin kowace cuta, har annoba ta faɗa musu suna rikiɗa suna zama namun daji. Kai kuwa baƙo ne da ya zo neman waraka, aka yi maka ƙarin jini, ka farka ka tarar an naɗa ka mafarauci ba tare da an nemi yardarka ba.

Shawara ta 1: kada ka tsaya kallon gari. Na san abu ne mai wuya, domin ko maƙiyin wasan nan zai yi shaidar cewa maginansa sun gwanance: hasumiyoyi masu tsini irin na tsofaffin majami'un Turai suna hawan juna har sun tare sama, akwatunan gawa ɗaure da sarƙoƙi jere a bakin titi, karusai yashe babu dawakai, ga hasken yamma ja wur yana zuba a kan duwatsun daɓe. To, a daidai lokacin da ka ɗaga kai kana jinjina wannan aiki, a lokacin ne wani dattijo mai cokalin kwasar ciyawa zai fito daga bayan karusa ya soke ka, karensa kuma ya ƙarasa ladan.

Shawara ta 2: ka manta da garkuwa. Akwai wata ta katako a can gaba, amma bayanin da aka rubuta a kanta ma ba'a yake yi wa mai ɗaukarta. A nan ne, in za a yi adalci, falalar wasan take, domin an gina shi bisa wata ƙa'ida mai ban sha'awa: idan aka sare ka, jinin da ka rasa ba ya tafiya nan take, ana ba ka ɗan taƙin lokaci wanda in ka rama sara a cikinsa sai ya dawo maka. Matsoraci yana ja da baya ya mutu sannu a hankali, mai zuciya yana kutsawa ya tsira. Bindigar da ke hannunka na hagu kuwa amfaninta ka harba daidai lokacin da abokin gaba ya ɗaga makami, ya durƙusa, ka cusa masa hannu a ciki. Ranar da na fara dacewa da wannan, na miƙe tsaye a tsakar ɗaki ni kaɗai ina murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Sau ɗaya nake dacewa a cikin goma, amma wannan mas'ala ce tsakanina da yatsuna.

Shawara ta 3: ka yi tattalin kwalaben jini. A nan ina roƙon ka gyara zama. Kwalabe 20 ake yarje maka ka ɗauka, su ne maganinka, kuma duk wadda ka yi amfani da ita ta tafi ke nan, ko ka ci nasara ko an kashe ka. Ka duba wannan hukunci da idon basira: mutumin da ya fi kowa buƙatar magani shi ne wanda bai iya ba, wanda bai iya ba kuwa shi ne maganinsa ke fara ƙarewa, saboda haka sabon shiga, wanda ya kamata a bar shi ya maimaita darasinsa har ya zauna masa, shi ake kora daga aji a ce ya tafi itace. Akwai wasu ƙattai biyu masu riƙe da bulo a tsakiyar gari, waɗanda in ka kashe su sukan yar da kwalabe, kuma na yi ta zarya wurinsu har na fara jin kunyarsu, kamar yadda mutum kan ji kunyar mai kantin da ya yawaita cin bashinsa. In ka ce saye za ka yi, kwalba tana farawa daga 180 na kuɗin garin, tana hawa tana hawa har ta kai 900. Ni da na zauna gaban akwatin nan don in manta da tsadar kasuwa, sai ga ta ta riga ni shiga Yarnam! Wace hikima ce a cikin wannan? Na yi ƙiyasi ta kowace fuska ban gano ba. Wuya daban, wahala daban, kuma wanda ya iya shirya faɗa mai daɗi irin wannan bai kamata ya jahilci bambancinsu ba.

Kuɗin nan ma, tun da an zo kansu, duk suna zubewa a inda ka faɗi, kuma wani lokaci in ka koma ɗauka sai ka tarar wani daga cikin maƙiya ya haɗiye su, idanunsa na ƙyalli, yana yawo da guminka a cikinsa.

Shawara ta 4, ko ta 5 ce, ta shafi Fada Gaskoyin, wanda yara ke kira bos, ni kuwa nake kiransa Malam, saboda ban taɓa samun wanda ya ladabtar da ni kamarsa ba tun bayan barina makarantar allo. Za ka same shi a maƙabarta da gatari da bindiga, yana da duk abin da kake da shi, sai dai shi ya iya. An ce ka karɓi ɗan akwatin kiɗa wurin wata yarinya da ke magana ta taga, domin in ka kaɗa shi Malam yakan dafe kai ya tsaya. Gaskiya ne, amma in ka yawaita sai ya gaggauta rikiɗa ya zama dodo, daga nan kuwa ba shi ke kashe ka ba, duwatsun kaburbura ne da ke riƙe maka ƙafa, da kyamarar da kan zaɓi wannan lokaci ta nuna maka reshen bishiya. Sai jan rubutu ya bayyana yana sanar da kai ka mutu, kamar da ma kana cikin shakka. Masu wasan farko sun fi mu shan azaba, don su kusan daƙiƙa 40 suke zaune gaban baƙin allo bayan kowace mutuwa, kafin a gyara abin bayan wata guda. Allah ya saka musu.

Yarinyar nan kuwa, kada ka yi mata kwatancen mafaka. Akwai wani alade a magudanar ruwa. Ba zan ƙara komai ba.

Sauran shawarwarin ga su a dunƙule, don lissafi ya kuɓuce mini. Wasan nan ba shi da maɓallin dakatarwa, saboda haka ka sallaci isha'i tukuna, ka rufe ƙofar zaure, ka tabbata babu baƙon da zai yi sallama, domin dodo ba ya jiran a gama gaisuwa. Labarinsa kuwa kada ka tambaye ni, an yayyanka shi an ɓoye a cikin bayanin tufafi da makamai, sai mai haƙurin tattara takardun tsohon kundi. Akwai kuma wasu ramuka na ƙarƙashin ƙasa, ɗakuna masu kama da juna kamar gidajen haya, waɗanda shawarata a kansu ita ce… a'a, bar su kawai.

Daren jiya, wajen ƙarfe ɗaya, na kai Malam gargara, jininsa saura kamar faɗin farce, ina da kwalabe biyu a aljihu, hannuna na rawa, sai aka ɗauke wuta. Na jima zaune a cikin duhu ina salati. Uwargida ta haska ni da fitila daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, wai biyanka ake yi ne?" Na buɗe baki in yi mata bayanin ƙa'idar rama sara, sai na ga shiru ya fi alheri.

Yau da asuba ɗan ƙanena ya aiko mini da saƙo yana tambayar inda na kai. Da na gaya masa, sai ya ce ai Gaskoyin bakin ƙofa ne, akwai wani ƙarin sashe na wasan da aka fitar a watan Nuwamba na 2015 wanda a cikinsa ne ainihin wuyar take. Na yi niyyar in naɗe na'urar in mayar masa da abarsa, kuma in sha Allahu zan yi, da zarar an kawo wuta na gama wata 'yar magana da ke tsakanina da Malam. Kafin nan, in ka riga ni isa wurin ƙattan nan biyu, ka bar mini ɗaya.