Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Labulen Jirgin Sama

Zuwa ga Mai Girma Labule,
Mai raba gidan gaba da gidan baya,
Jirgin Landan zuwa Amsterdam.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana rataye lafiya. Ina gajiya, yaya fama da jama'a? Na san ba za ka gane ni ba, don mai hulɗa da ɗaruruwan mutane kullum ba ya riƙe fuska. Ni ne mai hula zanna-bukar ɗin nan da ya zauna a kujera ta 4A ranar wata Talata da safe, wanda ya riƙa waiwayowa yana duban ka kamar ya ba ka ajiya. To, ajiyar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da laifina kafin in zo kan naka. Babu wanda ya tilasta ni. Taro gare ni a Amsterdam, na buɗe waya zan yanki tikiti, na ga kuɗin gidan baya, na ga na abin da suke kira bizines kilas, kusan ninki uku. Zuciya ta ce kai ma fa ɗan halak ne, yaushe rabonka da cin guminka? Abin da ke kaina shi ne hotunan nan da manyanmu ke sawa a Facebook: mutum ya miƙe sambal a kujerar da ta zama gado, an lulluɓe shi da bargo, ga talabijin a gabansa. Irin wannan kujera akwai ta, tun shekarar 2000 aka fara sa ta a bizines kilas na jirage masu dogon zango. Sai dai ba ta zuwa Amsterdam daga Landan, kuma babu wanda ya gaya mini. Tsakanin garuruwan biyu kilomita 370 ne ko kusa da haka, wato kamar Kano zuwa Abuja ta sama. A tikiti an rubuta awa ɗaya da 'yan mintoci, amma zaman da ake yi a sararin samaniya da ƙyar yake kai minti 50.

Da na shiga jirgin, ƙirar Airbus A320, sai na tsaya ina neman gidan gaban. Kujeru shida-shida ne a kowane layi, uku dama uku hagu, tun daga ƙofa har ƙurya. Faɗinsu ɗaya, launinsu ɗaya. Da na zauna gwiwata ta gaisa da bayan kujerar gaba kamar yadda suka saba. Na nuna wa ma'aikaciyar jirgi takardata, ko ɓatan kai na yi. Ta yi murmushi ta ce nan ne. Na ce to ina bambancin? Ta nuna mini kujerar tsakiya, 4B, ta ce ba za a zaunar da kowa a kanta ba. Sannan ta nuna mini kai.

Ranka ya daɗe, a nan na gane ashe na sha shiga bizines kilas ban sani ba. Duk wanda ya taɓa hawa motar haya a tashar Unguwa Uku ya san mutum biyu ake cusawa a gidan gaba, ban da direba. In kana da hali sai ka ja ɗan kamasho gefe, ka biya kuɗin mutum biyu, a bar maka wurin kai kaɗai. Shi ne fa Turawa suka sa wa kwat da lakataye suka raɗa masa suna. Har gara na tasha, don kuɗin mutum biyu ka biya, wurin mutum biyu ka samu. Nan na biya na mutum uku, kujerar da aka bari kuma ba tawa ba ce ni kaɗai. Tarayya muka yi da wani Bature na 4C, wanda ya riga ni ɗora jaridarsa da kwamfutarsa. Na samu 'yar kusurwa na ajiye hulata, don kada kuɗina ya tafi a banza.

Yanzu mu zo kanka. Bahaushe ya ce labule asirin ɗaki, in kuma aka ce manya sun sa labule, kowa ya san akwai magana. Kai wane asiri kake rufewa? Na baya sun ratsa ta gabanmu da ƙafafunsu lokacin shiga, sun ga kujerun, sun ga irin nasu ne. Sannan ga lokacin aikinka. Ƙa'ida ce ba a sakin ka in jirgi na tafiya a ƙasa, ko zai tashi, ko zai sauka, don ma'aikata su riƙa ganin kowa, hanyar fita kuma ta zama a buɗe. Na duba agogo: an ja ka bayan mun tashi da minti goma, an naɗe ka bayan minti ashirin da biyar. Da muka sauka a Schiphol, filin jirgin Amsterdam, a titin nan da suke kira Polderbaan, mai nisan da har sai jirgi ya yi wajen kwata yana rarrafe kafin ya isa inda ake saukar da mutane, kana nan a ɗaure a gefe kana hutawa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ranar Juma'a ma ya fi ka zaman ofis.

Cikin wannan minti ashirin da biyar ɗin aka kawo abinci. Gaskiya an yi ƙoƙari: tangaran na gaske, cokali da wuƙa na ƙarfe, har da ƙyallen goge baki. Aka fara da miƙo mini giyar nan mai kumfa, da ƙarfe tara na safe. Na ce a kai kasuwa. Na buɗe faranti, ga ƙwai, ga wani jan nama kwance a jikinsa, wanda ban buƙaci malami ya faɗa mini sunan dabbar ba. Aka tashi da burodi da man shanu da shayi. Shi ma shayin salam, amma ban ga laifin mai dafawa ba, tunda iskar cikin jirgi a bushe take, kuma kamar mutum yana kan dutse mai tsawon mita 2,000 ne, harshe ba ya jin gishiri da sukari yadda ya saba. Ban kai rabin kofin ba matuƙi ya ce mun fara gangarawa. A saman Tekun Arewa jirgi ya ɗan yi gargada, shayina ya zube, na jiyo na baya ma sun yi ƙara. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba.

Ba zan zalunce ka ba. An shigar da ni ɗakin hutun manya a filin jirgin Heathrow na Landan, na sha lemo kyauta, na cika wayata da caji. An ba ni damar akwati biyu masu kilo 32 kowanne, alhali na baya ɗaya ne mai kilo 23, in ma tikitinsa ya ba shi. Kaico, ni da 'yar jakar hannu na zo. Na kuma fahimci masu jirgi ba wawaye ba ne. Tun wajen 1979, lokacin da kamfanonin jirgi irin su Qantas suka fito da wannan aji, 'yan kasuwar da kamfani ke biya musu ake nufi, ba irina da ya ciro daga aljihunsa ba. Da yawan maƙwabtana ma daga wani dogon zango suka taho, wannan ɗan tsallaken ƙarashe ne kawai.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Da aka ja ka, wani bawan Allah daga baya ya ɗaga ka zai shiga bayan gidan gaba, ma'aikaciya ta mayar da shi cikin ladabi, ta ce nasu yana can ƙurya. Wallahi sai na ji ƙirjina ya ɗan buɗe. Na gyara zama, na kurɓi shayin nan maras daɗi kamar wani basarake. Sai daga baya na yi istigfari. Mutumin bai yi mini komai ba, ƙila ma ya fi ni kuɗi, hankali kuwa a fili yake ya fi ni. Wannan ɗan buɗewar ƙirjin ita ce hajarka, kuma na saya, na ji daɗinta, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Ba ta daɗe ba. A wurin duba fasfo ba ka biyo ni ba. Mutumin da aka hana shiga bayan gidanmu ya ɗora fasfonsa na Tarayyar Turai a na'ura, ƙofa ta buɗe, ya wuce. Ni da koren fasfona, da bizar da na biya wa Yuro 90, na bi dogon layi ina amsa tambayar me na zo yi, kwana nawa zan yi, ina zan kwana.

Ranar dawowa na yi hankali na yanki tikitin gidan baya. Ka san kujerar da na samu? 4A. Ita dai, ba wata ba. Ashe a kan wani ɗan ƙarfe kake zamewa: ranar da masu kwat suka yi yawa a ja ka baya har layi na bakwai ko na takwas, ranar da kasuwa ba ta ci ba a dawo da kai na uku. Ran nan kana bayana kana kare mini mutunci, yau kana gabana kana kare wasu daga ganina. Ko 'yan siyasarmu in za su sauya sheƙa sukan kira 'yan jarida su yi bayani. An zaunar da wani ƙato a 4B, hulata ta dawo kan gwiwa. Ita ce dai ta yi bizines kilas a tafiyar nan, kuma har yau ba ta yi ƙorafi ba.

Ba na neman a mayar mini da kuɗi, na san ihu ne bayan hari. Roƙona ɗaya ne. Wata mai zuwa zan sake bin hanyar, na riga na yanki tikitin gidan baya, layi na biyar. In ka ga jirgi ya daidaita a sama, ma'aikata sun shagala da rabon shayi, ka daure ka zame baya kaɗan. Ba wanda zai ji daga bakina.

Ka huta lafiya.

Naka,
Mai kujera ta 4A.