Ranar Rabon Taki Kowa Manomi Ne

Mu fa a unguwar nan ba a sanin yawan manomanmu sai an ce gwamnati za ta raba tallafi. Lokacin noman firi ka zagaya gonaki, mutanen da za ka tarar a duƙe ba su taka kara sun karya ba. Amma bari mai unguwa ya fito da takardar rubuta suna: tela manomi ne, mai faci manomi ne, har Alhajin da rabonsa da fartanya tun yana makarantar allo. Manoman biro ke nan, kuma su ne a gaban layi, tunda na gaskiyar suna can daji ba su ji shela ba.

Kun tuna 2012, zamanin Jonathan, da ministan noma Akinwumi Adesina ya kawo rabon taki ta wayar salula? Ka yi rajista, saƙo ya shigo, ka je ka biya rabin kuɗi ka ɗauki buhu biyu, kamfa da yuriya. An yi haka ne don a kori 'yan kanzagi. To, sai 'yan kanzagin suka dawo bakin ƙofar wurin rabon suka kafa benci. Kana fitowa da buhu a ka, su ce, "Baba, sauke ka huta, nawa za a ba ka?" Mu kuma mu sauke. Ba don wauta ba ne kawai: sallah ta matso, ga bikin 'ya, gero kuwa sai nan da wata uku zai yi magana.

Su ma masu rabon ba kanwar lasa ba ne. Sau nawa taki ya iso a watan Agusta, gero ya riga ya fitar da kai? Kafin ya sauko daga ƙaramar hukuma zuwa mazaɓa ya rame, sai ka ga buhu ɗaya ana auna wa mutane da tiya, bayan an tambayi wacce jam'iyya suka yi. Matan da ke noma gyaɗa da riɗi kuwa, ba a ma ce su zo ba.

Inda muka fi ban dariya shi ne bashin Anchor Borrowers, wanda Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015. Babban Banki ya faɗa da bakinsa cewa rance ne: ga iri, ga taki, ga maganin feshi, idan kaka ta yi ka biya da shinkafa. Mu dai kunnenmu "ga" kawai ya ji. Wasu kam sun biya har da saurinsu, da irin shinkafarsu aka jera dala a Abuja a farkon 2022. Saura kuwa, ka tambaya ka sha labari.

"Kawu, yaushe za a biya kuɗin gwamnati?"

"Kai yaro, kuɗin wa? Su da suka ci na fetur sun dawo da shi ne? Wannan kasona ne ya biyo ni har gida."

Sai dai akwai waɗanda ba a yi musu wannan tsiyar. Ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar Kebbi tana gab da girbi, ta 2022 ta shafe gonakin Haɗeja da Ringim. Mutum ya ci bashi, ya zuba guminsa, ya wayi gari yana shiga gonarsa da kwalekwale. Shi ne ya cancanci agaji. Amma da jami'ai suka zo ƙididdigar asara, kowa gonarsa ta koma fadama. Mai eka ɗaya ya rubuta biyar. Maƙwabcinmu da ke noma a kan jigawa, inda ko tunkiya ba ta jiƙa kofato ba, shi ma ya miƙa suna.

Aka ce, "Malam, ruwan ya hau tudu ne?"

Ya gyara hula ya ce ai gonar da yake niyyar aro baɗi ce ruwan ya ci.