Risala Kan Ilimin Bashi, Bisa Mazhabar Nima da Mamobi

Ka sani, ya kai mai neman sani, bashi fanni ne mai zaman kansa, kuma ba a karantar da shi a Jami'ar Legon. Magabata sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Maganar ta inganta, sai dai sun bar ta a dunƙule, ba su faɗi wa ke bin wa ba. Wannan giɓi ne ya sa masu sharhi a rediyo suka daɗe suna cewa ciwon mutumin Zango shi ne yawan cin bashi. Risalar nan za ta tabbatar da hujja cewa sun kifa maganar. Mazaunin Nima da Mamobi da New Town yana cikin manyan masu ba da rance a birnin Accra, kuma in ka ga ya ci bashi, to nema yake ya sami abin da zai ranta wa wanda ya fi shi.

Fasali kan haya

Dokar haya ta Ghana, wadda aka kafa a 1963, ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata 6 a gaba. Dokar tana nan da ranta, tana da ofishi da ma'aikata da tambari. Mai gida kuma yana karɓar na shekara 2. Masana lissafi sun cire 6 daga 24 suka sami 18, wato ɗan haya ya ranta wa mai gida kuɗin wata 18, ba ruwa, ba jingina, ba mai tsaya masa. Abin da ya karɓa a madadi shi ne ɗaki ɗaya da baranda, da alkawarin za a gyara kwano kafin damina, ba tare da an ambaci wace daminar ba. Sau da yawa gidan ba shi da bayan gida, sai na gwamnati ko na 'yan kasuwa a bakin layi, inda ake biya a ƙofa. Wannan ita ce ma'aikata ɗaya tilo a unguwar da ba a taɓa jin ta ba da bashi ba.

Abin lura a nan shi ne ladabi. A ko'ina cikin duniya wanda aka ba rance shi ke rusunawa. A gidan haya kuwa mai ba da rancen ne ke cire takalmi da safe ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Wanda ya kai ƙara ofishin kula da haya yakan yi nasara a shari'a, sannan ya shiga neman ɗaki a Ashaiman ko Kasoa, daga nan kuɗin torotoro, motar haya, ya karɓi aikin da mai gida ya bari.

A watan Janairun 2023 gwamnati ta lura da wannan wahala, ta buɗe shirin tallafin haya. Tsarinsa shi ne a biya wa ɗan haya kuɗin gaba, shi kuma ya riƙa biya wata-wata. Ma'ana, an ranta masa abin da zai ranta wa mai gida. Sharaɗin shi ne ya nuna shaidar samun kuɗin shiga mai tabbas, abin da tela da mai gyaran babur da mai tallan goro ba su saba ajiyewa a aljihu ba. Don haka mafi yawa suna nan kan tsohuwar hanya: kwasar adashi, da ɗan abin da Alhaji mai shago ya taimaka, da kiran waya zuwa ga borga, wato ɗan'uwan da ke Bronx ko Hamburg, wanda binciken masana ya nuna wayarsa takan lalace a daidai watan da haya ke ƙarewa.

Wuta ma haka take. Mitar kati sai an zuba mata kuɗi take ba da haske, kenan kamfanin lantarki shi ma yana cikin waɗanda talaka ke ranta wa. A gidan da ɗakuna goma ke kan mita ɗaya ana raba kuɗin da maki, ƙwan fitila da nasa, fanka da nata, firji da nasa. Dutsen guga ba ya shiga lissafi, domin ba a taɓa samun gidan da wani ya amsa yana da shi ba, ko da yake kowa na fita Juma'a da kaya a goge.

Fasali kan susu, da amsa ga masu suka

Mai susu yana zagayawa kullum da jaka da kati mai gida 31. Ka ba shi sidi 10 kowace rana, ƙarshen wata ya dawo maka da 300, na kwana ɗaya ya zama ladansa. Wasu masu ilimin boko sun yi inkarin wannan. Suka ce ta yaya mutum zai ba da kuɗinsa ajiya, maimakon a ƙara masa sai a rage?

Amsa ta fuska biyu ce. Ta farko, ba ɓarawo ake tsoro ba, dangi ake tsoro. Kuɗin da ke ƙarƙashin katifa yana da wari, kuma ƙanin miji yana jin sa tun daga Kotobabi. A duk faɗin Zango uzuri ɗaya ne ake karɓa ba tare da an ɓata zumunci ba, shi ne "wallahi kuɗina na wajen mai susu." Sidi 10 a wata araha ce ga wannan jumla. Ta biyu, an gwada ɗaya hanyar. Waɗanda suka nemi a ƙara musu sun kai kuɗinsu kamfanin Menzgold, aka rufe shi a Satumban 2018. A Mayun 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a rana ɗaya. Mai susu shi ma yakan gudu, ba a musu, amma akwai bambanci: an san mahaifiyarsa, an san masallacin da yake salla.

Fasali kan bashin ciki, wanda shi ne zuciyar fannin

Tunda mutum ya ranta wa mai gida da kamfanin wuta da mai susu, dole ya nemi inda zai ci. A nan Hajiya mai waake take shigowa, tare da abokan aikinta, mai koko da ƙosai da safe da mai tuwon zafi da yamma. Hajiya ita ce babban bankin lungu. Ba ta neman katin shaida na Ghana Card, ba ta cika fom. Kallo ɗaya take yi wa mutum ta san ko albashi ya shigo. Albashin ma'aikaci, bisa ittifaƙin malamai, yana rayuwa daga 28 ga wata zuwa wajen 10 ga wata mai bi, daga nan sai a shiga zangon da ake kira "wata ya yi nisa", inda kalmar ciniki take komawa "Mma Hajiya, sa min, a rubuta."

Kada a ɗauka Hajiya da kuɗinta take wannan alheri. Shinkafar da waken ta karɓo su bashi a kasuwar Nima, za ta biya ranar Laraba in kasuwa ta ci. Mai buhunan shi ma bai gama biyan wanda ya ɗoro masa kaya daga Techiman ko Tamale ba. Don haka ma'aikacin da ya ci waake da ƙwai da taliya ya ce a rubuta, ya ci bashin manomin da bai taɓa gani ba, manomin kuma yana can yana jiran kuɗin don ya biya mai taki. Da kowa zai biya kowa a rana ɗaya, da an gano kuɗin da ke yawo a tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa masana suka hana a gwada.

Malamai sun yi saɓani kan gaisuwa. Mazhabar Nima ta tafi a kan cewa in mai bin ka ta ce "ina kwana" kawai, gaisuwa ce. In ta ƙara da "kwana biyu", alhali jiya ta gan ka, to sanarwa ce ta farko. Mazhabar Mamobi ta ce a'a, ba a kirga sanarwa sai an aiko yaro, kuma sai yaron ya faɗi saƙon da ƙarfi a tsakar gida gaban matan haya. Malaman New Town sun tsaya a tsakiya, suka ce ya danganta da ko ta haɗa da murmushi. Marubucin wannan risala ya karkata ga Nima, saboda wanda ya jira yaro ya makara.

Daga nan aka ciro ƙa'idar tazara, wadda ta ce nisan da ke tsakanin ɗakin mutum da tashar torotoro yana ƙaruwa gwargwadon bashin da ke kansa. Wanda ba a bin sa komai minti 5 ya ishe shi ya fito titi. Wanda ke da suna a littafi uku sai ya bi bayan makarantar allo, ya tsallaka kwata, ya ratsa gidan mutane da sallama, ya ɓullo kusa da Kawukudi, sannan ya dawo da baya. Baƙi suna cewa lungunan Nima ba su da tsari. Ba su ci bashi a cikinsu ba ne.

Akwai kuma mas'alar kuɗi biyu. A Yulin 2007 aka sauya kuɗin Ghana, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Gwamnati ta zaci an gama, ashe ta ba fannin bashi kayan aiki ne. Har yau mai bin bashi da tsohon kuɗi yake magana, wanda ake bi kuma da sabo. Ita ta ce, "Miliyan biyu fa nake bin ka." Shi ya ce, "Haba Mma, a kan sidi 200 kacal?" Duka biyun gaskiya suka faɗa.

Bashin biki ya fi wannan zurfi, kuma mata ne malamansa. Kowane aure da suna da addu'a yana zuwa da yayinsa, atamfar da kowa zai ɗinka iri ɗaya, ana karɓa yau a biya sannu a hankali, ta yadda mace kan sa yayin suna alhali ba ta gama biyan na auren da ya haifar da jaririn ba. Gudummawar da aka kawo miki kuwa ba kyauta ba ce, ajiya ce, ranar nata za ki mayar har da ɗori. Hukumar ƙididdiga ta ce a Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. Matan Zango ba su jira sanarwar ba. Tun kafin nan duk wadda aka kai wa sidi 50 a bara ta mayar da 50 a bana ta ji labarin kanta a bakin famfo.

Bashin waya sabon babi ne, bayan shigowar MoMo, wato hada-hadar kuɗi ta waya, a 2009. Ka danna lambobi, kuɗi ya shigo, ba gaisuwa, ba rusunawa. Wasu suka yi fatawar cewa wannan ba bashi ba ne, tunda babu fuskar da za a ji kunya, suka jefa layin a kwata suka sayi wani. Da aka zo haɗa kowane layi da Ghana Card, fatawar ta faɗi.

Fasali kan babban shehin fannin

Ba a rufe wannan ilimi ba tare da ambaton gwamnati ba, domin duk abin da talaka ke yi a lungu ita ta riga shi yi da kwat da wando. A 1972 shugaban ƙasa Kanar Acheampong ya dubi wasu basussukan waje ya ce "Yentua", ba za mu biya ba, aka yi ta tafi. A zamanin Shugaba Kufuor ƙasa ta shiga sahun matalauta masu tarin bashi, aka yafe mata kaso mai yawa. A Oktoban 2022 Shugaba Akufo-Addo, wanda gidansa ke nan Nima, ya yi wa ƙasa jawabi ya ce kuɗi ba ya son hayaniya, ya kuma ce ba za a yi wa kuɗin masu zuba jari a takardun gwamnati aski ba. A Disamba aka dakatar da biyan yawancin bashin waje, aka kuma nemi waɗanda suka ranta wa gwamnati a gida su karɓi sababbin takardu masu dogon wa'adi da ƙaramin ruwa. A Fabrairun 2023 tsofaffi 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi, har da tsohuwar Babbar Jojin Ƙasa, Sophia Akuffo. A Mayu asusun IMF ya amince da rancen dala biliyan 3, karo na 17 da Ghana ta je wannan ƙofa.

Ɗalibi zai tambaya, ko ya halatta talaka ya yi koyi da shehinsa? Ya je ya ce, "Mma Hajiya, na sake fasalin bashina, zan fara biya bayan shekara 3, kuma ki rage hayaniya." Malaman mazhabobin uku sun haɗu a kan cewa bai halatta ba, ba don maganar ba ta da asali ba, sai don ludayin Hajiya na ƙarfe ne. Gwamnati tana da tawagar masu tattaunawa da ɗakin taro mai sanyi. Jinginar talaka ɗaya ce, mutuncinsa, kuma ba a yi masa aski, ɗungurungum ake ɗauke shi.

Fasali na ƙarshe, kan rubutu da mutuwa

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kowane yaron makaranta a Zango ya san haka. Amma ka ranta wa ɗan'uwanka sidi 500 ka ɗauko biro, za ka ji, "Ni za ka rubuta wa takarda? Uwa ɗaya fa." Sai a bar shi a ka, kai kuma yana mantuwa ta ɓangare ɗaya.

Ranar da mutum ya cika, kafin a sallace shi, wani daga dangi yakan miƙe ya ce duk mai bin marigayi ya zo ya faɗa. Jama'a su amsa da "mun yafe, Allah ya jiƙansa." Wasu da gaske suke, kuma Hajiya mai waake tana yawan kasancewa cikinsu. Wasu kuma sai bayan addu'ar arba'in suke sallama. Abin da ba a sanarwa a wurin shi ne wanda marigayin ke bi. In ya biya hayar shekara 2 ya rasu a wata na 7, akwai kuɗin wata 17 a hannun mai gida, wanda yake nan a sahun gaba yana share hawaye. Magada su nemo rasit a cikin akwatin marigayi, su ɗauki dattijo ɗaya, su je tun ba a zuba sabon ɗan haya a ɗakin ba.