Ludayi Uku, Ba Ciniki

A ƙasar Ailan akwai mutanen da suka mai da ɗanɗana giya abin taƙama. Suna da wata mai kumfa lukui, wadda ake ɗura wa iskar naitirojin. Mashayi zai zuba wa kofi ido har kumfa ta kwanta, ya shinshina, ya kurɓa, sannan ya gyara murya ya yi sharhi. Kamfanin Guinness na birnin Dublin, wanda aka kafa a 1759, har ƙayyade wa mutane ya yi cewa cika kofi ɗaya daƙiƙa 119.5 yake ci. Allah ya raba mu da ita, mu dai jihar Kebbi ta rungumi shari'a tun shekarar 2000. Sai dai duk wanda ya zaci wannan iyayi na Turawa ne kaɗai, bai taɓa tsayawa wurin masu nono a kasuwar Birnin Kebbi ba. Gara ma Bature, shi sai ya biya yake sharhi.

Namu gwanin da azahar yake fitowa, lokacin da rana ta take. Zai tsuguna gaban Bafulatana, ya ɗaga faifai da kansa, ya leƙa ƙwarya.

"Inna, wagga hura ta yau ta?"

"Ta yau ta, Alhaji. Da asuba aka kirɓa ta."

Sai ya karɓi ludayi. Na farko na gane ko kindirmo ne ko tsala. Ya lumshe ido, ya tauna abin da ba ya buƙatar tauna, ya ce yana jin alamar garin kuka. Na biyu na tantance yaji: citta ta yi, kanumfari ya so ya yi yawa, masoro kuwa ko gaisawa ba su yi da furar nan ba. Na uku, wanda ya fi sauran zurfi, na tabbatar da hukunci ne, don kada a ce ya zalunci baiwar Allah. Daga nan ya share gemu, ya ce geron bana ba kamar na da ba, ya matsa ƙwarya ta gaba. Kafin ya kai ƙarshen layi ya yi gyatsa, ko naira ɗaya ba ta bar aljihunsa ba.

Abin haushin ma, sau da yawa gaskiya yake faɗa. Mutumin ya san fura. Ina zai ƙi sani, shekara da shekaru yana karatu kyauta?

A Argungu kuma wasu ne daban. Bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, yana jawo baƙi daga Abuja da Legas. Su waɗannan suna biya, har su bar canji, amma ba sa sha. Za ka ga mutum a bakin kogin Matan Fada riƙe da ƙoƙo, ya ɗauki hoto ta dama, ya ɗauka ta hagu, ya rubuta a Facebook cewa ya dawo tushe. Yana sauke waya zai tambaya ko akwai wadda aka dama da inji aka sa ƙanƙara, wai gudajin na maƙale masa a wuya.

Mai nono ta baro ruga tun hantsi bai ɗaga ba, da ƙwarya a ka, ga kuɗin mota, ga tsadar gero. Alhaji gwani, ba wanda ya hana ka sharhi. Gobe in ka tsuguna, ka fara cewa a dama maka ta ɗari biyar, sannan ka gaya mana ra'ayinka a kan masoro.