Gara Tumaki Su Yi Maka Dariya

A gundumar Kumbiriya da ke arewa maso yammacin Ingila akwai wasu bayin Allah da in hunturu ya kankama sai su bar ɗaki mai ɗumi, su saɓa jaka su nufi kan tudu. Babu kasuwa a can sama, babu dangin da za su gaida, kuma ba wanda ya aike su. Ni dai na daina neman dalilinsu. Abin da nake son karewa shi ne, in mutum ya rantse sai ya je, to ya ƙyale manyan duwatsun da ake rububi, ya nemi tuddan da ba a damu da su ba, domin a can abin da ya fi samun mutum kunya ce, kunyar ma ba a gaban jama'a ba.

Mu ɗauki Helvellyn mai tsayin mita 950. Hanyar da aka fi so ta bi ta Striding Edge, wani siririn ƙashin dutse mai rami dama da hagu, kuma zamewa a kansa lokacin ƙanƙara ta sha cin rayuka. Har ma'aikata hukumar gandun yankin ta ɗauka waɗanda aikinsu a hunturu shi ne hawa dutsen kullum su faɗa wa jama'a halin da ake ciki. Sai mu koma Mungrisdale Common, wani shimfiɗaɗɗen tudu mai mita 633 a bayan dutsen Blencathra. Alfred Wainwright, wanda ya fitar da littattafai bakwai kan tuddai 214 na yankin tsakanin 1955 da 1966, ya sa shi a jerinsa, sannan ya zauna ya kushe shi tas. A nan masifar wata iri ce. Za ka ga fili sumul, ka ce yau hutu ya samu, ashe kallon kitse kake wa rogo. Ƙarƙashin siririyar ƙanƙarar nan taɓo ne baƙi ƙirin. Ka taka, ƙafa ta nutse har cinya. Ka ja da ƙarfi, ƙafar ta fito, takalmin ya ce shi ya zauna. Sai ga ka tsaye kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe a bakin tafki, kana laluben laka da hannu. Shaidunka kaɗai su ne tumakin Herdwick masu farar fuska, waɗanda a nan aka haife su, sun san kowace fadama, suna tuƙa suna kallonka ba tare da ko alamar tausayi ba. Wannan wulaƙanci ne, na yarda, amma da ƙafarka za ka koma gida.

Mai hankali zai ce inda babu mai yi maka dariya ai babu mai ɗaga ka. Maganarsa na kan hanya. A watan Disamba rana tana faɗuwa a wannan yanki kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ƙauyen Seathwaite da ke kwarin Borrowdale yana samun ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara, hazo kuwa ba ya sallama kafin ya shigo. Duk mita 150 da ka hau, sanyi na ƙaruwa da kusan digiri ɗaya, kuma sanyin nan yana zuƙe batirin wayar da ka dogara da taswirarta. Tudun da ya baje ba shi da wata alama, don haka a cikin hazo mutum kan yi ta kewaya wuri guda. Har ya tarar da sawu a dusar ƙanƙara ya yi hamdala, ya bi shi da sauri, can ya lura cewa mai sawun nan lambar takalminsu ɗaya, kuma shi ma yana ɗingishi. Amsata ita ce maganin wannan hatsari mai araha ne: taswirar takarda ta Ordnance Survey, kamfas da sanin yadda ake karanta shi, tocila, da gaya wa wani inda ka nufa da lokacin dawowarka. Siririn dutse irin Striding Edge kuwa yana neman ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi, da gatarin ƙanƙara, da gwanintar da ba a sayar da ita a kanti. Masu aikin ceto na yankin 'yan sa-kai ne, ba a biyansu ko kwabo. Ka kira 999 za su bar abincinsu su zo, sai dai ka shirya fuskar da za ka nuna musu in suka same ka dab da titi kana rantsuwa cewa ka ɓata.

Akwai kuma mai cewa wa zai yaba maka don ka hau The Calf mai mita 676 a tuddan Howgill kusa da Sedbergh, alhali ga Scafell Pike mai mita 978, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Ingila? Wannan ƙorafin bai dame ni ba. Hoton da aka ɗauka cikin hazo iri ɗaya ne ko'ina: fari fat da hanci mai yoyo a tsakiya. Ƙari ma, wanda ya faɗi a gaban mutum hamsin masu waya labarinsa ya fita daga hannunsa, wanda ya faɗi a gaban tumaki kuwa shi ne zai tsara yadda abin ya faru, kuma har yau ban ji tunkiyar da ta ƙaryata kowa ba.

Saboda haka, mai karatu, in ƙaddara ta kai ka Kumbiriya a hunturu kuma abokai suka ja ka, zaɓi ƙaramin tudu, ka ɗaure igiyar takalminka tamau, ka sa safa ta biyu a leda, sannan ƙarfe biyu na yi ka juya ko ka kai ƙoli ko ba ka kai ba.