Rabe-raben Masu Nutso a Bahar Maliya

A gaɓar Sudan ta Bahar Maliya akwai wurare uku da masu nutso suka fi ɗoki: Sanganeb, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren gadon duniya a 2016, Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya zaunar da mutanensa wata guda a wani gida na ƙarƙashin ruwa a 1963, da jirgin Italiya mai suna Umbria, wanda matuƙansa suka nutsar da gangan kusa da Fot Sudan a 1940. Abin kallon shi ne murjani, wato ginin da wasu ƙananan halittu masu rai ke ɗorawa sannu a hankali, amma halittar da ta fi cancantar nazari a wurin ita ce ɗan Adam, domin da zarar ya cusa robar shaƙar iska tsakanin haƙoransa, baki ya mutu, sai hali ya karɓi magana.

Na farko cikin masu nutson shi ne sarkin kaya, wanda ke hawa jirgi da agogon lissafin zurfi, da fitila biyu, da wuƙa ɗaure a ƙwauri kamar mai zuwa farauta. Kowa yana sauka da tukunyar iska cike, allurar ma'auninta a kan 200, ƙa'ida kuma ita ce a fito kafin ta faɗo ƙasa da 50. Shi kuwa, saboda haki da fafutukar daidaita kayansa, yakan zuƙe rabonsa tun sauran ba su ci rabi ba, ya tilasta wa abokin nutsonsa komawa sama, sannan ya ɗora laifin a kan wanda ya cika tukunyar.

Mai bi masa shi ne sabon shiga, mutum mai kyakkyawar zuciya wanda murna ke jefawa cikin matsala. A yaren hannu na masu nutso, haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe shi ne "lafiya lau", ɗaga babban yatsa sama kuwa umarni ne na a hau. Saboda haka idan wani kifi ya burge shi ya ɗaga yatsan yabo, sai jagora ya kamo shi ya nufi sama da shi, yana waiwayen kifin cikin rashin fahimta.

Akwai mai hoto, wanda bai taɓa ganin teku da idonsa ba sai ta gilashin kyamara. Yakan bi kunkurun ruwa a guje har kunkurun ya gaji da shi, ƙafarsa mai faffaɗan takalmin roba tana karya reshen murjanin da ya yi shekaru yana girma, da maraice kuma ya tara jama'a ya nuna musu hotuna ɗari, galibinsu na jelar kifi ne mai ficewa. Ɗan'uwansa na jini shi ne mai taɓe-taɓe, wanda ba ya jin gargaɗi sai murjanin wuta, wani nau'i mai harbi kamar ƙaiƙayi, ya yi masa karatun da jagora ya kasa.

Mai zuzutawa kuwa yana da uzuri daga kimiyya, tunda karkatar haske tsakanin ruwa da iskar da ke cikin tabarau tana ƙara girman abu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da kimiyya ta kasa bayani shi ne yadda kifin shak mai kan guduma da ya hango a Sha'ab Rumi ke ci gaba da girma a busasshiyar ƙasa, taku ɗaya a kowane zaman shayi.

Duk waɗannan sun haɗu a kan raina mai bututu, wanda ba ya nutsewa, sai dai ya kifa ciki a saman ruwa yana numfashi ta ɗan bututun da ya leƙo sama. Amma da yake launin ja yana fara ɓacewa tun daga zurfin mita 5, har komai ya koma shuɗi a ƙasa, shi ne ya fi kowa ganin murjani da ainihin launinsa, ba tare da ya ɗauki tukunya ba. Kuɗin kallon kuwa, rana ce ke karɓa daga gadon bayansa, wanda ke saɓulewa har ya kwana uku yana barci rubda ciki.